Buhunan da na kai Mina

Fiye da shekara ashirin na yi ina kai kyanwoyin mutane Mina a cikin buhun shinkafa. Da wannan zan fara, don kada wanda ya karanta abin da zan faɗa a kan wasu ya zaci na fi su.

A Makka aka haife ni. Kakana ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Kano, ya sauke farali, bai koma ba. Karatuna bai yi nisa ba, na yi allo, na yi aji huɗu a makarantar gwamnati, sai na shiga aikin Hajji a ƙarƙashin wani muɗawwifi, wato mai kula da masaukin alhazai. Da dako na fara. Daga baya na samu wanet, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, ina jigilar tabarmi da tukwane da tankunan ruwa zuwa tantunan Mina kwanaki kaɗan kafin alhazai su sauka.

A unguwarmu ta dā, wadda yanzu an rushe an yi otal-otal a wurin, kusan kowane gida akwai kyanwa, kowace kuma haihuwa take yi ba hutu. Ba mai iya kashe kyanwa a cikin harami, kowa ya san hukuncin wanda ya zalunce ta. Ba kuma mai son ciyar da bakwai. Mutanenmu kuwa gwanaye ne wurin nemo hanyar da za su yi mugunta su kuma ji kamar lada suka samu. Da watan Zulƙida ya fara tsufa, sai buhuna su fara taruwa a ƙofar gidana. An ɗaure bakinsu da igiya, an huda su wuri biyu ko uku saboda numfashi, wai tausayi ke nan. Mata su leƙo ta bayan labule su ce in taimaka in kai bayin Allah gidan albarka, ai Mina nama har ƙasa. Wata ta ƙara da cewa su ma su yi nasu Hajjin, a yi dariya. A sa mini albarka, a aiko mini da shayi. Ni kuma in loda buhunan a kan tabarmi, in je in kwance su a bayan tantunan girki, in tafi harkata.

Gaskiya ne akwai abinci a Mina. Kwana biyar akwai shi, har kyanwa ta ƙoshi ta kau da kai daga tsokar rago. Daga nan kowa ya watse. A kwashe tukwane, motocin shara su share komai, a rufe ruwa. Abin da ya rage dutse ne da rana har shekara ta zagayo. Babu wadda ba ta san haka ba a cikin matan nan, mazajensu da 'ya'yansu duk a can suke aiki. Ni kuma na fi kowa sani, tunda ni nake kwaso tukwanen.

Wata shekara, a cikin Muharram, maigidana ya aike ni in ɗauko wasu tankuna da aka manta. Da tsakar rana na isa. Babu kowa, ko tsuntsu. Ina sauke ƙofar bayan mota sai na ga abu ya fito daga ƙarƙashin wani dandamalin siminti kusa da bandakuna. Nan take na gane ta, domin kunnenta ɗaya a datse yake, ƙofar ƙarfe ce ta kama shi tun tana ƙarama. Kyanwar wata maƙwabciyarmu ce, tsohuwa mai yawan jan carbi. Ita ma ta gane motar, shekaru tana kwana a ƙarƙashinta. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga inda nake tsaye. Ta zo ta tsaya kusa da taya tana buɗe baki, amma babu sautin da yake fita.

Akwai gorar ruwa da ragowar gurasa a kujerar gaba. Na tsaya ina tunani, tunanin kuwa ban manta shi ba: idan na dawo da ita, tsohuwar za ta tambayi dalili, daga nan dukan unguwa sai an faɗi abin da kowa ya sani ake shiru a kansa, kuma ni ne zan zama mugun. Na loda tankunan, na tayar da mota. Na hango ta a madubi tana biye da ni, har ta tsaya. Da yamma tsohuwar ta tambaye ni ko na ga tata, na ce na gan ta, ta yi ƙiba. Shekara ta zagayo, na sake loda buhuna.

Matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ba ni buhu ba, ba ta kuma taɓa yi mini wa'azi ba. Idan kyanwarmu ta haihu, ita take bi gida-gida har ta raba 'ya'yan. Abu ɗaya take yi: duk buhun shinkafar da ya ƙare a gidanmu sai ta sa almakashi ta tsaga shi ya zama shimfiɗa. Takan ce don ajiye takalma ne. Na daɗe kafin na gane ba ta son buhunta ya shiga motata.

Kada kuma a ce tuba na yi na daina. Kamfanoni ne suka karɓe jigilar kaya, shiga Mina ta yi wuya sai da takarda, na sayar da motar. Shi ke nan.

Bayan an rushe unguwar muka koma unguwar Ka'akiyya. A nan matata ta tsinci kyanwarta ta ƙarshe, wata mai launin toka, irin wadda take cike da kowane lungu, wutsiyarta a ɗan karkace. Ba ta son a ɗaga ta. Ba ta shan ruwa sai wanda yake ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don haka kullum akwai kwano a ƙarƙashinsa. Idan mai iskar gas ya shigo layi yana buga tukwanensa, sai ta ruga ƙarƙashin gado. Da matata ta rasu, gidan ya rage daga ni sai ita. Ban taɓa shafa ta ba lokacin da mai ita take raye. Amma ita ta fara zuwa ta kwanta a kan ƙafata, ba ta nemi izini ba, ni kuma ban kore ta ba. Shekara huɗu muka yi haka.

A watan Shawwal na bara na faɗi a bandaki. Ɗana ya ce magana ta ƙare, bayan Hajji zan koma gidansa a unguwar Kudai, har ya sanar da mai gidan da nake haya. Ban yi gardama ba, ƙafafuna sun riga sun yanke hukunci. Sai dai 'yarsa ƙarama tana da asma, likita ya hana ta kusantar gashin dabba. Na tambaye shi yadda za a yi da kyanwar. Yana duba wayarsa ya amsa, da Hausarsa mai rabi Larabci.

"Baba, bissa ce fa kawai. Hajji ya kusa. Ina da aboki mai shiga da kaya Mina, sai mu ba shi, halas."

Na tambaye shi wa ya koya masa haka. Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske.

"Kai mana. Ba a ƙofar gidanmu ake tara buhunan ba?"

Mutum ne mai digiri, mai aikin ofis, ba ya barin sallar jam'i, kuma abin da ya gada daga wurina ke nan.

'Yata ce ta samo wata mafakar kyanwoyi a waya. Ta ce wasu mata ne suke tara kyanwoyin da aka yasar, su yi musu magani, su nema musu gidaje. Ita ta tuƙa ni zuwa can, wani gida mai shinge a bayan gari irin wanda ake haya don biki. Da raini na shiga, ba zan ɓoye ba. Na ga kyanwa da katin allura mai hoto kamar mai neman fasfo. Na ga manyan mata sanye da safar hannu suna yi wa muzuru magana kamar jariri. Na ce a raina waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa, ba su taɓa ɗaukar tankin ruwa a ka ba.

Shugabar wurin tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, Balarabiya, siririya, kowa yana ce mata Ustaza. Tana magana kamar har yanzu a gaban aji take. Ta ce wurin ya cika, ba za su karɓi tawa ba. Abin da za su yi shi ne su sa hotonta, ta ci gaba da zama a wurina, duk ranar Asabar bayan la'asar in kawo ta, masu so su zo su gani. Ita za ta yi musu tambayoyi, ni ma in yi, ba a bayarwa sai mu biyun mun yarda. Wanda ya ɗauka kuma zai sa hannu cewa ba zai jefar ba, in ya gaji ya dawo da ita.

Don in ga da idona cewa wurin ya cika, ta buɗe mini wani ɗaki. Kyanwoyi ne a ciki, wasu ba ido ɗaya, wasu gashinsu ya zube, duk suka ja da baya suka manne da bango. Ta ce waɗannan daga Mina suke, duk Muharram suna zuwa da keji su kwaso waɗanda suka samu da rai, kuma waɗanda suke samu a mace sun fi yawa. Ta ce ita ta kasa gane mutumin da zai tsaya a sahun gaba, ya jefar da rai a kan dutse, ya koma gida ya ci abinci. Na gyaɗa kai, na ce Allah ya shirye su. Da bakina na faɗi haka, 'yata tana tsaye a gefena tana kallon ƙasa.

Asabar ta farko mace ɗaya ce ta zo. Tun kafin ta yi magana na san irinta, daga koɗaɗɗiyar abayarta da takalmin roba. Cikin mutanenmu ne da suka shigo ta Chadi da Sudan, gyaɗa take soyawa tana sayarwa a wajen tashar motocin Kudai. Mu da aka haifa a nan muke da takardar ɗan ƙasa akwai wani kallo da muke yi musu, kamar namu kakannin a jirgin sama suka zo. Ta gaishe ni da Hausa, ta durƙusa a gaban kejin da na kawo kyanwar a ciki. Ta ce tata kyanwar ta mutu da azumi, tun daga nan ɓeraye suka raina ta, ɗakin kuma ya yi shiru da yawa. Ta miƙa yatsa, kyanwar ta shinshina, ta lasa, ina jin gishirin gyaɗa ne. Abu uku ta tambaye ni: me take ci, ina take kwana, me take tsoro.

Ban amsa ko ɗaya ba. Na rage murya, da Hausa don kada Ustaza ta ji, na ce: "Baiwar Allah, ikamarki tana da rai kuwa?" Takardar zamanta nake nufi.

Ta miƙe tsaye a hankali tana gyara mayafi. "Alhaji, kyanwa na zo nema, ba aure ba."

Na juya na gaya wa Ustaza da Larabci cewa ban yarda ba, matar ba ta da tsayayyen wuri, gobe ana iya tasa ƙeyarta. Ustaza ta ce ta ga bidiyon ɗakin, a ƙasa yake, da ɗan tsakar gida mai katanga, ita dai ta gamsu. Na ce ni ban gamsu ba. Matar ta yi sallama ta fita, ba ta sake kallona ba.

Asabar ta biyu wasu ango da amarya suka zo. Tun daga ƙofa amaryar take ɗaukar hoto. Ta tambaya ko kyanwar tana da jinin Shirazi, masu dogon gashin nan da murtukakkiyar fuska. Angon ya tambaya ko za a iya yi mata aski irin na zaki. Suka duba hotunan da suka ɗauka, suka ce launinta ba ya fita. Ba su tambayi abin da take ci ba. Irin waɗannan ne suke sayen kyanwa kamar labule, in an sake fentin ɗaki a sake ta. Asabar ta uku wani mai sito ya zo, ya ce ba zai riƙa ba ta abinci ba don yunwa ce take sa kyanwa aiki. Ustaza ta nuna masa ƙofa kafin ya gama zama.

Kwanaki suna tafiya. Garin ya fara cika da alhazai, Ustaza ta ce Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe, daga nan sai bayan Hajji, ni kuwa bayan Hajji ba ni da gida. Ɗana ya sake tuna mini da abokinsa.

Ranar Asabar ɗin wani mutum ya zo a babbar mota, farar jallabiya tana sheƙi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Baƙar fata ne kamarmu, amma ka gan shi ka ga wanda ya samu wuri. Ya ce gidansa da lambu, yaransa ne suke so. Zuciyata ta kwanta tun kafin ya zauna. Na ce a raina ga gidan da ya dace da kyanwar matata. Yana cikin cike takarda sai ya ɗago ya ƙura mini ido, fuskarsa ta washe.

"Baffa! Wallahi kai ne. Mai wanet!"

Ɗan tsohuwar nan ne mai carbi. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya sumbaci goshina. Sai ya juya wurin Ustaza, ya koma Larabci don ita ma ta ji alherina. Ya ce wannan bawan Allah ya yi wa unguwarsu hidima, duk shekara shi yake kai musu kyanwoyi Mina, ko sisi ba ya karɓa. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu tana ba da labarin tata mai datsattsen kunne, yadda na dawo na ce ta yi ƙiba. Ya yi dariya, ya ce su ma ba su yar da al'ada ba, bara ma direbansa ya kai biyu da yara suka gaji da su.

Yana faɗa yana murmushi, yana jiran a yaba. Ban taɓa ganin mutumin da na raina kamar yadda na raina shi a lokacin ba, da turarensa da agogonsa da wofin kansa. Amma duk kalmar da ta fito daga bakinsa gaskiya ce, kuma ƙaryar da ke ciki tawa ce.

Ustaza ta zare takardar daga ƙarƙashin hannunsa, ta ce masa babu kyanwa a gare shi a nan, yau ko gobe. Ya yi ta tambayar laifin da ya yi. Da gaske bai sani ba. Ya fita yana cewa ai ana sayar da waɗanda suka fi wannan a kasuwa.

Da motarsa ta tashi, Ustaza ta dube ni, ta kira ni Ammi, baffa ke nan da Larabci.

"Ammi, shekara nawa?"

Na ce ashirin da wani abu.

"Ka taɓa komawa ka duba?"

Na ce sau ɗaya. Ba ta tambaye ni abin da na gani ba. Ta ɗan jima tana jera takardunta, sannan ta ce kyanwar ba ta da laifi, kuma mutum ɗaya ne ya zo wanda ya cancanta. Ta ce ita ba za ta kira matar nan mai gyaɗa ba, ni na kore ta, ni zan je. 'Yata ta mayar da ni gida. Da za ta tafi ne ta ce ta tuna almakashin mahaifiyarta.

Washegari da hantsi ta sauke ni a Kudai. Motocin alhazai sun cika tashar, hayaƙi da zafi da hayaniya. Na yi ta dogara sanda har na hango matar a inuwar gada, a kan 'yar kujera, da farantin gyaɗa a ƙulle-ƙulle a gabanta, idonta ɗaya a kan hanya saboda masu korar 'yan talla. Na yi sallama, na ce mata Hajiya.

"Yau kuma na zama Hajiya?" in ji ta.

Ba ta ce in zauna ba, babu ma wurin zama. Ta sallami wasu alhazai 'yan Indonesiya, ta sallami wani direba, ta gyara ƙulle-ƙullenta ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye gumi yana bin bayana. Sai da ta ga dama ta dube ni. Na ce na zo ba ta haƙuri, na kuma roƙe ta ta ɗauki kyanwar. Tunda na riga na fara, sai na gaya mata har da maganar Mina, don kada ta ji a bakin wani.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta yi shekaru tana kai gyaɗa Mina lokacin da ake bari, kuma duk mai talla ya san masu buhu, a bayan wurin girki suke kwancewa su juya da sauri kamar masu zubar da shara. Ta ce kyanwarta da ta mutu da azumi ma daga can ta ɗauko ta, ranar da ake watsewa, a cikin kwanon gyaɗarta. Sannan ta ce tunda na damu da ikamarta, bari ta ba ni amsa.

"Shekara talatin ina ɗaki ɗaya, Alhaji. Kai mai takarda, gida na nawa za ka koma yanzu?"

Na ce na uku. Ta ce in har wani abu ya same ta, ƙanwarta tana ɗakin da ke kusa, ba za a bar dabba da yunwa ba. Sai ta maimaita tambayoyinta uku, kamar ba a yi komai a tsakani ba. Wannan karon na amsa. Na gaya mata kifin gwangwani da ragowar kaza, na gaya mata mai iskar gas, na gaya mata ba a ɗaga ta. Da na zo kan ruwan mukayyif sai ta yi dariya, ta ce nata tsoho ne, zuba yake kamar famfo.

A mafakar aka yi miƙawar, kwana biyu kafin su rufe. Matar ta dangwala yatsa a takarda. Na ba ta kwanon ruwan da tsohon mayafin matata da kyanwar take kwanciya a kai. Ustaza ta yi ta yi mata bayani da fara'a, ta raka ta har ƙofa. Ni ko kallo ban samu ba.

Bayan Hajji na koma gidan ɗana. Har yau yana ganin wahalar banza na sha a kan bissa ɗaya, ya faɗa wa abokansa suna dariya. A Muharram Ustaza ta kira 'yata, ta ce a tambaye ni wuraren da ake kwance buhuna da inda kyanwoyi suke fakewa. Na lissafa mata duk wanda na tuna, har da dandamalin simintin nan kusa da bandakuna. 'Yata ta rubuta ta aika. Amsar da ta dawo kalma biyu ce, an gani. Ban sa ran fiye da haka ba.

Sau ɗaya na je ganin kyanwar. Ashe ɗakin matar bai fi layi huɗu daga tsohon gidana na Ka'akiyya ba, shekaru muna unguwa ɗaya ban san da ita ba. Ta ce a makon farko sau biyu kyanwar ta gudu ta koma ƙofata, sau biyu kuma ta je ta ɗauko ta. Ta shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, ta kawo shayi. Ga kwanon nan a ƙarƙashin mukayyif, cike har yana zuba. Kyanwar tana kwance a kan buhunan gyaɗa da aka jera a inuwa, ta miƙe ƙafafu, gashinta yana sheƙi.

Na kira ta yadda matata take kiranta. Ta ɗago kai, ta dube ni, ta yi hamma, ta ci gaba da lasar ƙafarta. Na sake kira.

"Ƙyale ta, Alhaji," in ji matar. "Ta ƙoshi."

Na shanye shayina, na yi godiya, na ɗauki sandata. Da na kai ƙofa na waiwaya. Ba ta biyo ni ba.